Benen Tela Glockner: Shekara 72 na Haya a Titin Orchard

A shekarar 1863, Amurka na tsakiyar yaƙin basasa, wani tela Bajamushe mai suna Lukas Glockner ya yi abin da masu sana'ar hannu kan yi idan allura ta tara musu abin da ya fi ƙarfin cefane: ya zuba kuɗinsa a ƙasa. Shi da wasu teloli biyu 'yan ƙasarsu suka sayi fili a Titin Orchard, cikin unguwar Lower East Side ta birnin New York, inda a da coci ne, suka raba shi uku. Kason Glockner ƙafa 25 ne kacal a faɗi. A kai ya kashe dala 8,000 ya tayar da bene mai hawa biyar na jan bulo, ya yanka kowane hawa sashe huɗu, ya bar shaguna biyu a ƙasa. Da magina suka sauka bai nemi wakili ya damƙa masa makullai ba. Kwashe iyalinsa ya yi ya tare a ciki, ya zama maƙwabcin 'yan hayarsa.

Gidan na nan tsaye har yau, mai lamba 97, kuma ya zama gidan tarihi. An ƙiyasta cewa mutum kusan 7,000 daga ƙasashe sama da 20 sun kwana a cikinsa tsakanin 1863 da 1935. Saboda masana sun bi takardun ƙidaya da na kotu da na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami gidan hayar talakawa da aka san cikinsa kamar wannan. Masu ziyara sun fi zuwa don jin labarin 'yan haya, kuma sun yi daidai. Sai dai akwai wani labarin a jikin bangon nan, na wanda ya mallaki gidan, da wanda ke karɓar kuɗi, da wanda ke riƙe da tsintsiya. A farko mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin ukun. Yadda suka rabu, da abin da rabuwar ta jawo, shi ne tarihin gidan.

Lissafin Glockner ba mai wuya ba ne. Jiragen ruwa na ta sauke baƙi daga Jamus da Ailan, kuma Jamusawa sun yi yawan da ake cewa in an cire Balin da Biyana, babu birnin da ya kai New York masu jin Jamusanci. Unguwarsu ma Ƙaramar Jamus ake kiran ta. Kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa kusa da wurin aiki, domin a lokacin ƙafa ce motar talaka. Wani binciken likitoci da aka buga a 1865 ya tarar da irin waɗannan gidaje, da Amurkawa ke kira tenement, sun haura 15,000 a birnin, mutum kusan rabin miliyan na cikinsu. Hayar sashe ɗaya a gida irin na Glockner tana kai dala 10 a wata. Sashe 20 ke nan ya ba da abin da ya kai dala 2,400 a shekara idan ba ɗakin da ya zauna babu kowa, ban da kuɗin shaguna. A cire haraji da gyara da kuɗin ruwan bashi, har yanzu saura ya fi abin da tela zai samu yana duƙe kan ɗinki. Shi ya sa da yawa daga cikin gidajen unguwar ba attajirai ne suka gina su ba. Mahauta ne da masu kanti da teloli, baƙi irin 'yan hayar, waɗanda suka riga su zuwa da shekara goma ko goma sha biyar, suka haɗa ɗan abin hannunsu da bashi, suka ba da ginin jingina.

Abin da ɗan haya ke samu a dala goman nan ɗaki uku ne a jere, duka-duka murabba'in ƙafa 325. Ɗakin gaba ne kaɗai ke da tagogin da ke kallon waje. Na tsakiya madafa ne, can ƙurya kuma ɗakin kwana, wanda rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Babu famfo a sama, babu masai, babu fitila a matakala. Ruwan madatsar Croton ya iso birnin tun 1842, amma a gidan nan iyakarsa tsakar gida ta baya, kusa da jerin masai na katako. Matar da ke hawa na biyar da bokiti take hawo da ruwan sha da na wanki da na wanka, ta hawo da kwal, sannan ta sauko da ruwan dauɗa da toka, duk a cikin duhu, tana lalube da hannu a jikin makarin matakala.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a shekarun farko Glockner mai ɗaki ne na gaske. Matakalar da 'yan haya ke hawa ita yake hawa. In masai ya toshe, warin ba ya tsallake ƙofarsa. In wani ya kwana yana tari, ta bango zai ji. Alamun haka sun fito a ginin: masan gidan a haɗe suke da magudanar ƙazanta ta birni a zamanin da gidaje da yawa rami kawai suke da shi, ɗakunan gaba kuma an yi musu murhun jin ɗumi da ɗan adon katako. Mutum yana gina wa kansa ne, ko da yana gina wa riba. Wannan bai mayar da shi waliyyi ba. Shi ne dai ya amince a yi ɗakunan kwana 20 marasa taga don fili ya ba da iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma a gidansa ne jaririyar wasu 'yan Ailan, Joseph da Bridget Moore, mai suna Agnes, ta rasu a 1869 tana da wata biyar, da ciwon ramar da ke kashe 'ya'yan talakawa a wancan zamani na gurɓatacciyar madara.

Bayan 'yan shekaru harka ta buɗe masa, ya ƙara sayen gidaje, ya ajiye allura, ya koma wani gidansa a nan cikin unguwar. Bai yi nisan da zai daina sanin mutanensa ba, kuma akwai takardar kotu da ta nuna haka.

A watan Oktoba na 1874, shekara guda bayan karyewar bankuna ta 1873 da ta jefa dubban ma'aikata cikin zaman banza, wani ɗan hayar gidan mai aikin takalmi, Julius Gumpertz, ya fita da safe bai dawo ba. Ya bar matarsa Nathalie da 'ya'ya huɗu, kuma kafin shekara ta zagayo ƙaramin ya rasu. Nathalie ta samo keken ɗinki, ta mayar da ɗakin gaba shago, tana ɗinka wa mata riguna. A 1883 labari ya zo cewa mahaifin Julius ya mutu a Jamus ya bar masa gadon da ya kai dala 600, amma ba za ta taɓa kuɗin ba sai kotu ta tabbatar mijin ya mutu. Cikin waɗanda suka ba da shaida a kan ɓatansa har da Glockner, da John Schneider, mai mashayar da ke shagon ƙasa, wadda ita ce majalisar Jamusawan layin. Mai gida ya san ranar da mijin 'yar hayarsa ya ɓace, kuma bayan shekara tara ya yarda ya sa sunansa a takarda dominta. Ta ci gaba da zama a gidan har 1886. Julius kuwa, bincike ya gano daga baya, yana raye a birnin Cincinnati, can ya mutu a 1924.

A 1886 ne komai ya juya lokaci guda. Nathalie ta bi sauran Jamusawa zuwa unguwar Yorkville, Schneider ya rufe mashaya bayan tarin fuka ya kashe matarsa Caroline, Glockner kuma ya sayar da gidan. Daga nan gidan ya riƙa sauya hannu, masu shi yawanci suna zaune wani wuri.

Sababbin 'yan haya Yahudawa ne daga Rasha da Folan da Lituweniya, waɗanda kashe-kashen da suka biyo bayan 1881 da kuma talauci suka koro. Sun zo da yawan da unguwar ba ta taɓa gani ba. A 1890 gundumar da Titin Orchard ke ciki tana da sama da mutum 500 a kowace eka, cunkoson da ba shi da na biyu a Amurka. Gidan da ƙidayar 1870 ta samu mutum saba'in da 'yan kai a ciki, a 1900 ya haura ɗari, ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Wasu sassan ma sun zama masana'antu. Harris Levine da matarsa Jennie sun buɗe wurin ɗinkin rigunan mata a cikin ɗakunansu uku, da ma'aikata, mai guga na ɗora dutsensa a kan murhun da Jennie ke dafa abinci, yara na rarrafe a tsakanin yadudduka. Matakala ɗaya, masai iri ɗaya, famfo ɗaya, amma ƙafafun da ke tattaka su sun ninka.

A daidai wannan zamani wata al'ada ta yi ƙarfi a unguwar, wato ba da gida jinga. Mai gida da ba ya son ganin fuskar ɗan haya sai ya ba wani mutum ginin ɗungurungum a kan kuɗi tsayayye na shekara uku ko biyar. Abin da ɗan jingar ya tatsa sama da wannan nasa ne. Hanyar cin ribarsa biyu ce tak: ya ƙara haya, ya ƙi gyara. Rufin da zai yi shekara 30 ba damuwarsa ba ce tunda wa'adinsa bai kai nan ba. Yawancinsu talakawa ne 'yan unguwa da suka yi adashin shekaru kafin su tara kuɗin jingar, suna jin yaren 'yan haya, sun san wanda ya samu aiki jiya da wadda ɗanta ya fara kawo albashi, kuma da wannan sanin suke ƙari. 'Yan haya sun raɗa musu suna, kyankyasan masu gida. A can sama kuma akwai waɗanda ƙasar kanta tasu ce, irin attajiran zuriyar Astor da cocin Trinity, da ke karɓar kuɗin fili ba su taɓa taka matakalar ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a nan sarkin ne ya ƙirƙiri bafaden don kada ƙorafi ya iso fadarsa. Cocin Trinity da kanta ta je kotu tana ƙin dokar da ta ce a kai ruwa kowane hawa na gidajenta, kuma babbar kotun jihar ta kayar da ita a 1895.

Gurbin da mai gida ya bari, doka ce ta yi ta ƙoƙarin cikewa, da jan ƙafa. Ta 1867 ta ce a sa tsanin tsira daga gobara da masai ɗaya ga mutum 20. Ta 1879 ta ce kowane ɗaki a sabon gini ya sami taga, sai magina suka rungumi zanen wani mai tsara gine-gine, James Ware, gini mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, wanda ke barin wani siririn rami tsakaninsa da maƙwabci. Ramin bai kai ƙafa uku a faɗi ba. Maimakon iska, shara aka riƙa zuba masa, in gobara ta tashi kuma ya zama mata bututu. A 1890 Jacob Riis, ɗan jarida haifaffen Denmak, ya fitar da littafinsa na hotunan da ya ɗauka da dare a irin waɗannan ɗakuna, masu hali suka ga abin da ba su taɓa leƙawa ba. Sai a 1901, da naci irin na ɗan fafutukar gyaran gidaje Lawrence Veiller, aka sami dokar da ta yi haƙora. A lokacin gidajen sun haura 80,000, mutum miliyan 2.3 na cikinsu, wato kusan kashi biyu cikin uku na birnin. Dokar ta kafa hukuma ta musamman da duba-garinta, kuma, abin da ya fi tayar wa masu gidaje hankali, ta waiwayi tsofaffin gine-gine: a rushe masan tsakar gida, a yi na ruwa ɗaya ga kowane iyali biyu, a huda wa ɗakunan ƙurya taga, a haskaka matakala.

Wadda ta tsaya a gaban wannan doka ba Astor ba ce. Wata mata ce mai suna Katie Moeschen, mai bene guda a Titi na 39 ta gabas, ƙungiyar masu gidaje na mara mata baya. Hujjarta ita ce gidan ya cika ƙa'ida a lokacin da aka gina shi, masan da ake cewa ta rushe hukuma ce ta amince da su a da, kuma kuɗin sabon aikin zai cinye mafi yawan abin da ya rage mata a gidan bayan bashi. Duk wanda ya taɓa tara kuɗi kwabo-kwabo ya sayi abu zai ji zafin maganarta, don ba ƙarya take ba. Amma kotun jihar a 1904, da Kotun Ƙoli ta Amurka a 1906, sun ba hukuma gaskiya, kuma hukuncin ya yi daidai. Bashin da ke kan mai gida ba ɗan haya ya ciwo masa ba, ciwon da masai ke yaɗawa kuwa ɗan haya ne ke kwanciya da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A 1905 aikin ya iso lamba 97. Aka fasa ginin daga sama har ƙasa aka fitar da ramin iska, aka yi masai biyu a kowane hawa, wurin kuma daga ɗakunan kwanan da dama can ƙanana ne aka yanko shi. An huda tagogi a bangayen ciki don hasken ɗakin gaba ya ratsa. Ruwa ya hau sama, fitilar gas ta kama a matakala. Don ya mayar da kuɗinsa, mai gidan ya rushe sassan hawa na farko ya mayar da su shaguna, tunda ɗan kasuwa ya fi iyali biya. Ya kuma ƙawata zauren shiga, aka lulluɓe bango da algarara aka shafe da fenti, aka sa rufin ƙarfe mai zane, aka yi 'yan hotunan karkara a cikin da'irori. Adon nan ba na tausayi ba ne. An buɗe gadar Williamsburg a 1903, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a 1904, ɗan hayar da ya ɗan samu yana iya tsallakawa Brooklyn ko Bronx ya kama sabon gida mai wanka. Iyalin Levine ma a 1905 suka tafi.

Waɗanda ba su da halin tafiya su suka biya. An rushe ɗaruruwan gidaje don yi wa gadar hanya, ɗakuna suka yi wuya, masu gida da 'yan jinga suka ƙara haya da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A bazarar 1904 matan unguwar suka yi yajin biyan haya na farko mai girma a birnin. A ƙarshen 1907, ana cikin wata karayar tattalin arziki, wata budurwa mai aiki a masana'antar riguna, Pauline Newman, ta haɗa kan iyalai kusan 10,000 suka ƙi biya. An watsar da kayan wasu a kan titi cikin sanyin Janairu, amma iyalai kimanin 2,000 sun sami ragi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya rikicin ya dawo da ƙarfin da ya sa jihar ta yi dokokin gaggawa a 1920, waɗanda suka ba alƙali ikon duba ko ƙarin haya ya wuce hankali. Abin da a zamanin Glockner ake kashewa a bakin ƙofa tsakanin mutum biyu da suka san juna, yanzu sai a gaban alƙali.

Duk da haka, gida mai mutum ɗari ba ya tafiya da takardar kotu. Dole wani ya share matakala, ya wanke masai, ya kunna fitilar zaure da magariba ya kashe da safe, ya fitar da garewanin toka, ya nuna wa baƙo ɗakin da babu kowa, ya san wa ya bar famfo a buɗe. A gidajen unguwar yawanci mace ce ke wannan aiki, ɗaya daga cikin 'yan haya, ladanta kuma a yafe mata haya ko a rage. A lamba 97 sunanta Fannie Rogarshevsky.

Ita da mijinta Abraham sun zo daga garin Telsh na Lituweniya a 1901. Shi mai guga ne a masana'antar tufafi, aikin tsayuwa cikin tururi daga safe har dare. 'Ya'yansu shida, a ɗaki uku, wani lokaci har da ɗan kwana da ke biyan kuɗin gado don a cike haya. 'Yan mata a madafa, samari a ɗakin gaba a kan kujerun da ake jerawa da dare. Tarin fuka ya kama Abraham, ya yi jinya a ɗakin ƙuryar nan, ya rasu a 1918, ƙungiyar 'yan garinsu ta tsaya a kan jana'izarsa. Fannie ta karɓi aikin kula da gidan a bakin hayarta. Daga ranar ta shiga matsayi mafi wuya a kowane gidan haya, na wadda take 'yar haya kuma idon mai gida. In bututu ya fashe da tsakar dare ƙofarta ake bugawa, alhali ba ta da ikon kashe ko sisi. In maƙwabta sun saɓa a kan shanya ko layin masai, ita ce alƙali. Ta san wanda aka sallama daga aiki tun kafin wata ya mutu. Duk sanin da Glockner ya yi wa gidan, ita ta gaje shi, ban da takardar mallaka. Masu gidan na ƙarshe, iyalin Helpern, suna da sunansu a rajista, amma wadda ta san inda yake yoyo Fannie ce.

A 1924 aka ja wa gidan lantarki, kuma a shekarar ce majalisar Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofa ga baƙi daga gabashi da kudancin Turai. Kogin da ke cika ɗakunan tun zamanin Glockner ya janye. Tsakanin 1910 da 1930 mutanen unguwar sun ragu da fiye da rabi. Yanzu mai gida ne ke neman ɗan haya, kuma maganinsa mafi arha shi ne ya manna sabuwar takardar ado a kan tsohuwa duk lokacin da wani ya tashi. Masu binciken ginin sun ƙirga har rufi 20 na takarda a wasu bangayen, fenti kuma ya kai shafi 40.

Cikin 'yan hayar ƙarshe akwai Adolfo Baldizzi, kafinta daga Palermo ta Italiya, da matarsa Rosaria da 'ya'yansu biyu, da suka shigo a 1928. Shekara guda bayan haka kasuwar hannun jari ta faɗi, aiki ya ɗauke, Adolfo ya riƙa yawo da akwatin kayan aikinsa yana neman gyare-gyare. Gas ɗinsu na mita ne mai cin sulalla, in kuɗin ya ƙare wuta ta mutu. 'Yarsu Josephine, wadda ta dawo gidan tana tsohuwa ta ba da labarinsa, ta tuna yadda Fannie ke ɗaga mata hannu ta tagar ramin iska a daren Asabar ɗin Yahudawa, don ta je ta kunna musu fitilar da addininsu ya hana su taɓawa a ranar.

A 1934 Fiorello La Guardia ya zama magajin gari, kuma bayan gobarar gidajen haya ta yi ta cin rayuka aka tsaurara doka: matakala da zaurukan katako dole a mayar da su waɗanda wuta ba ta ci. Buƙatar gaskiya ce, domin a gini mai matakala ɗaya, in ita ta kama, mutanen sama ba su da mafita sai tsanin ƙarfe na waje. Amma lissafin da ya ja Glockner cikin harkar ya riga ya kife. Ginin ya haura shekara 70, sassa da dama babu kowa, waɗanda ke ciki ma da ƙyar suke biya, shagunan ƙasa ne kaɗai ke kawo kuɗin kirki, kuma dokar ba ta shafi gidan da ba a kwana a cikinsa ba. Masu gidaje da yawa a unguwar sun duba wannan suka zaɓi rufewa, na lamba 97 ma haka. A 1935 aka ba 'yan haya notis. Iyalin Baldizzi suka ɗaure kayansu suka koma wani gidan hayar a kusa. A ƙarshen shekarar, tafiyar 'yan mintuna daga nan, aka buɗe First Houses, gidajen farko da hukumar birnin ta gina don talakawa, a kan filin da aka karɓa daga hannun Vincent Astor.

An toshe tagogin sama, 'yan kasuwar ƙasa suka riƙa ajiye kaya a wasu ɗakunan. Haka ginin ya zauna fiye da shekara 50, har 1988, lokacin da Ruth Abram da Anita Jacobson ke neman tsohon gidan haya da ba a taɓa ba don su kafa gidan tarihi. Jacobson ta zo duba shagon da aka sa haya, ta tambayi ban-ɗaki, aka nuna mata hanyar zaure, sai ga rufin ƙarfen 1905 da matakalar katakon da aka ƙi sauyawa.

Ba kowa ne ya fita a 1935 ba. Ko ginin da aka rufe yana bukatar mai duba bututu lokacin sanyi, mai share gaban shaguna, mai riƙe makulli. Aka bar Fannie Rogarshevsky a sashenta, hawa huɗu na ɗakuna shiru a kewaye da ita, tana ci gaba da aikinta har 1941.